Gabar Isyaku Mai Igiya

Isyaku mai igiya maƙwabcina ne a Jakara. Ƙofar gidansu tana kallon tamu, lungu ne kawai a tsakani, irin wanda in akuya biyu suka haɗu a cikinsa sai ɗaya ta ja da baya. Na girme shi da kaɗan, na san shi tun yana yawo ba wando, don haka ba zan yi masa kwalliya ba. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, hirarsa ma ba ta da wani daɗi. Dogo ne siriri, hannayensa kamar an ja su an ƙara musu tsawo. Yana da tabon ƙuna a gefen goshi tun da ya faɗa murhu yana rarrafe. Jar dara yake sawa rani da damina.

Igiya ya gada. Mahaifinsa rama da kaba yake tuƙawa, yana da rumfa a bakin kasuwar Kurmi ta ɓangarenmu, a nan Isyaku ya tashi. A layinsu ba a auna igiya da tef. Da gaba ake aunawa. Mai igiya zai miƙe tsaye, ya ware hannuwansa iyakar warewa, igiyar ta bi ta kan ƙirjinsa daga yatsun wannan hannu zuwa na wancan. Wannan shi ne gaba guda. Sai ya riƙe wurin da ya tsaya, ya sake warewa, mai saye yana tsaye yana kallo. In an gama, a ƙara masa ɗan gyara.

Kowane mai igiya da tasa gabar. Gajeren mutum gajeriyar gaba gare shi, ba laifinsa ba ne. Ta Isyaku ce ta fi ta kowa tsawo a layin, shi ya sa masu haƙar rijiya, da Fulani masu neman igiyar shanu, da masu lodin mota suke wuce rumfuna su zo wurinsa. Akwai ƙauyuka a kudancin Kano da in ka tambayi zurfin rijiya za a ce maka gabar Isyaku kaza ce. Su kansu masu faɗa wasu ba su taɓa ganinsa ba. Da igiyar roba ta shigo, waɗansu suka koma tef. Shi ya karɓi robar yana sayarwa, amma da ƙirjinsa yake auna ta.

Ya auri Tani, suka haifi 'ya'ya mata uku, duk suna ɗakin mazajensu. Namiji bai zo ba. Wanda ya zame masa ɗa shi ne Zaharaddeen, ɗan ƙanwarsa da ta rasu ta bar shi yana ƙarami. Isyaku ya riƙe shi, ya so ya koya masa tuƙa, yaron ya nuna boko yake so, aka bar shi. Ya gama makarantar fasaha, shi da abokansa suka kama ɗaki a saman wani bene suna yin katun da kwamfuta, irin wanda mutanen ciki suke da jiki da inuwa kamar ka taɓa su. Isyaku bai taɓa gane aikin ba. Abin da ya sani shi ne yaron ba ya shaye-shaye, kuma yana kawo cefane.

Ina wurin ranar da abin ya soma. Na shiga gidansu da hantsi zan mayar wa Tani rariyarta, na tarar da Zaharaddeen ya tsayar da kawunsa a tsakar gida jikin bango.

"Kawu, don Allah ka haɗe ƙafa. Yauwa. Yanzu ka ware hannu kamar za ka auna igiya."

"Ina igiyar?"

"Babu igiya, Kawu. Hoto ne kawai."

"To me zan auna? Iska?"

Tani tana bakin murhu tana dariya. Ta ce, "Malam, ka yi masa mana. Kullum kana yi wa 'yan ƙauye kyauta."

Ya ware. Zaharaddeen ya ɗauke shi ta gaba, ta gefe, ta baya, ya matso ya ɗauki fuskar har da tabon. Wata ƙungiya ce ta ba su aikin ɗan gajeren fim na jan kunne a kan zuba shara a kwata kafin damina, suna son dattijo irin na cikin gari wanda zai yi wa jama'a nasiha. Zaharaddeen ya ce ba zai ƙirƙiri dattijo ba alhali yana da shi a gida.

Na ce, "To ware hannun na mene ne? Nasiha ai a zaune ake yi."

Ya ce, "Inna 'Yardada, duk mutumin da muka ƙera a kwamfuta a haka yake soma rayuwa. A tsaye ƙiƙam, ƙafa a haɗe, hannu a ware kamar harafin T na boko. A haka muke sa masa riga, a haka muke jera masa ƙasusuwa da gaɓoɓi, don in hannun yana manne da jiki sai hammata da riga su cakuɗe. Sai an gama sannan a koya masa tafiya da zama da magana. Wannan tsayuwar ta cikin ɗakin aiki ce. Ba mai ganinsa a haka sai mu."

Na ji wannan da kunnena. Isyaku ma ya ji. Da wani ne ya zo masa da maganar hoto da ya kore shi, amma a wurinmu kawu ba ya hana ɗan ƙanwarsa abu irin wannan, balle maraya. Ya sauke hannu, ya gyara hula, ya tafi kasuwa.

Yaron ya iya aikinsa, wannan shi ne abin da ya cuci kawunsa. Da ya yi abin banza da ba wanda zai gane ko wane ne. Amma ya fitar da Isyaku sak: tabon, jar darar, dogon wuya, har yadda leɓensa na ƙasa yake ɗan saki.

Masu ƙungiyar suka matsa musu, ruwa ya kusa sauka, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Suka haɗa fim ɗin a gurguje suka tura, su ma masu karɓa ba su kalla har ƙarshe ba suka sa shi a intanet. Na gani daga baya. Akwai wurin da dattawan unguwa suke zaune a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, ana jiran dattijo mai nasiha ya zo ya yi sallama ya zauna. To a nan motsin da aka koya masa ya kuɓuce. Sai ga Isyaku ya shigo a tsaye ƙiƙam, hannu a ware, ido a ƙafe, ƙafa ba ta motsi, yana sulalowa kamar an ɗora shi a kan kurar 'yan ga-ruwa. Ya ratsa ta cikin wata akuya, ya ratsa ta cikin mai unguwa, ya tsaya a tsakiyar tabarma. Murya kuma tana ta fita cikin natsuwa tana cewa, "Jama'a, mu ji tsoron Allah, mu daina toshe hanyar ruwa." Ya gama, ya sulale ta cikin katanga ya ɓace.

Abin da ban dariya. Ba zan ce babu ba.

Samari suka yanko wannan wurin. Ashe abin sananne ne a wurinsu, in mutumin wasan kwamfuta ya lalace ya koma wannan tsayuwa, dariya suke yi, har suna kwaikwayo. Sun saba gani da Turawa da dodanni. Yanzu ga shi da jar dara, yana jin Hausa. Suka yi ta rubutu a ƙarƙashinsa. "Ni in an ce a tare kaji." "Mai gida ya hana fita biki." "Ni a bakin tukunya ranar Salla." Wani ya zana wanki a kan hannayen, zani a dama, wandon yara a hagu, ya rubuta Baba Shanya. Sunan da ya zauna ke nan. Aka mayar da shi sitika, irin ɗan hoton da ake jefawa a hirar waya. Har zauren danginmu na waya ya shigo, wata jikata ta jefo shi. Na kira ta na ce ta san ko wane ne? Ta ce, "Hajiya, ai katun ne." Na ce katun ɗin ne yake ba ki alawa kina yarinya.

Isyaku bai sani ba. Ƙaramar waya ce da shi mai tocila. Abin da ya gani shi ne kasuwa ta buɗe ta wata irin hanya. Samari masu tsukakken wando, waɗanda ba su taɓa jan guga ba, suna zuwa su huɗu su biyar.

"Baba, a ba mu igiya gaba guda."

"Gaba guda? Me za ku ɗaure da ita?"

"Akuya ce ƙarama, Baba."

Ya miƙe ya ware, wayoyi su tashi. Wani ya zagaya bayansa ya yi irin tsayuwar. Su biya su tafi suna riƙe ciki, wani lokaci ma su manta igiyar. Ya dawo gida ya ce wa Tani 'yan birni sun soma kiwo.

Maƙwabcin rumfarsa ne ya ga abin ya yi yawa ya nuna masa. An ce ya daɗe yana kallo, ya ce a sake, aka sake. Ya rufe rumfa kafin la'asar.

Da Zaharaddeen ya dawo, ba sai na shiga ba, daga soronmu ana ji.

"Ka ce ba mai gani sai ku."

"Kawu, wallahi kuskure ne. Na sa an cire fim ɗin tun ranar da na gani."

"To me nake gani a wayar mutane?"

"Wannan sun riga sun kwafa. Nawa na cire. Na mutane ba ni da iko da shi."

"Kai ka sa ni a ciki. Kai za ka fitar da ni."

"Kawu, yana wayar mutum dubu nawa. Har Zinder, har Legas."

"To ka bi su."



Zaharaddeen ya yi abin da zai iya. Ya gyara fim ɗin, ya sake sa shi, ya rubuta ban haƙuri, ya ce wannan kawunsa ne, mutum ne mai rai mai iyali. Ya kawo kwamfutar gida ya nuna mana. A gyararren, dattijon yana tafiya da ƙafarsa, ya yi sallama, ya tattare riga ya zauna, yana magana yana nuni da hannu. Ya yi kyau ƙwarai. Isyaku ya kalla har ƙarshe ya ce, "To, wannan ya samu ya zauna. Wancan fa?" Gyararren ba wanda ya kula shi. Ban haƙurin kuwa sai ya gaya wa waɗanda ba su sani ba cewa Baba Shanya yana nan da ransa a bakin Kurmi.

Daga nan Isyaku ya yi abin da iyayenmu suke yi in akuya ta ɓata ko yaro ya ɓata. Ya je wurin liman ya roƙi a yi sanarwa. Na gaya wa Tani ta hana shi, ta ce ba ya jin maganar kowa. Bayan sallar magariba lasifika ta ɗauka: duk wanda yake da hoton Malam Isyaku mai igiya a wayarsa, ya dubi girman Allah ya goge. An faɗa sau biyu, da kyakkyawar niyya. Sai dai har zuwa wannan ranar abin na samari ne. Dattawan sahun gaba ba su san da shi ba. Suna fitowa kowa ya kama ɗansa: wane hoto ne wannan, nuna mini. Matan aure da suke jin lasifika daga cikin gida su ma suka aika a nemo musu. Kafin gari ya waye ba wanda bai gani ba daga Jakara har Yakasai.

Yanzu ga inda ya tsaya. Sana'arsa ba ta yiwuwa sai ya ware hannu. In ya ware, waya ta tashi. Bai iya wani aiki ba, kuma shekarunsa sun wuce na koyo.

Ya yi dabara. Ya samo dogon katako, ya kwanta a kansa a cikin gida, Tani ta yi alama a ƙarshen yatsunsa, ya kafa ƙusa biyu. Ya kai kasuwa ya ɗaure a gaban rumfa. In mai saye ya zo, sai ya auna daga ƙusa zuwa ƙusa yana zaune, hannuwansa kusa da jiki. Samarin suka zo suka ga ba abin ɗauka, suka ragu.

Sai Mamman ya zo. Mamman mai haƙar rijiya ne daga wani ƙauye bayan Dawakin Kudu, gajere mai faɗin kafaɗa, sun fi shekara talatin suna ciniki. Ba ya riƙe waya mai hoto, bai san abin da ake ciki ba.

"Malam Isyaku, mene ne wannan? Ka koma kafinta?"

"Gabata ce. Na sa ta a katako."

"Ciwon kafaɗa kake yi?"

"Lafiyata lau. Nawa za a ba ka?"

Mamman ya ɓata fuska, amma ya karɓa ya tafi. Ba a rufa mako ba ya dawo da igiyar a kafaɗa, ya jefar da ita a gaban rumfa.

"Guga bai taɓa ruwa ba. Rijiyar da na haƙa da hannuna, na san gabarta. Mutanen gari sun taru, na zura, guga yana lilo a sama kamar ƙwaryar mai roƙo. An ce na ci kuɗin igiya."

Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Mutum in yana tsaye yana awo, yana buɗe ƙirji, kafaɗunsa su koma baya, igiyar ta bi tudun ƙirjin. A kwance a kan katako ba haka ba ne. A gaba guda bambancin bai kai a kula ba. A igiyar rijiya ya taru ya yi yawa. Ana iya matsar da ƙusa, Isyaku ma ya ce zai matsar. Mamman ya ƙi.

"Ni ba da katako na saba ciniki ba. Yau ka matsar nan, gobe wa ya san inda za ta koma? Har an soma cewa gabar Isyaku ta ragu. Ka tashi ka auna mini ina gani, yadda muka saba."

Wannan maganar ta fi ta samarin yi masa ciwo. Dariya daban, a ce ka rage awo daban. Ya dubi hanya dama da hagu, ya miƙe.

Ni ina wurin, na fito sayen kanwa. Ran nan kasuwa ta cika. Ya kama bakin igiya ya ware. Gaba ta farko ba wanda ya lura. A ta biyu wani mai adaidaita ya leƙo ya ƙwala, "Baba Shanya!" Sai ka ce an watsa wa kaji tsaba. Wayoyi suka tashi ta ko'ina, har da na mata, har da na mutane masu furfura. Isyaku ya ci gaba. In ya saki igiyar lissafi ya ɓace, sai an sake daga farko, don haka bai saki ba. Yana warewa, yana riƙewa, yana sake warewa, leɓensa yana motsi.

Wani ƙato, ba yaro ba, mai gemu, ya lallaɓo ta baya ya rataya masa jiƙaƙƙen tsumma a hannun dama.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Mamman ya juya ya shaƙe wuyan mutumin, aka shiga tsakani. Ni ma na faɗa wa ƙaton abin da ba zan rubuta ba. Isyaku kuwa yana tsaye, hannu a ware, tsumma yana ɗiga, igiya a ƙirji, ido a ƙafe a kan bangon da yake fuskanta. Na dube shi na ga ba shi da maraba da na cikin wayar. Ya ƙarasa awon da tsumman a hannunsa. Ya ƙara gyara. Ya yanka, ya naɗe, ya miƙa wa Mamman. Sannan ya cire tsumman ya ajiye a kan benci, ya kwance katakon ƙusa, ya ja ƙyauren rumfa.

Wannan hoton ya fi na farkon yawo, don shi ba katun ba ne.

Bai sake buɗe rumfar ba. Wani mai bokitan roba ne a ciki yanzu.

Waɗanda ba su tashi a cikin gari ba ba za su gane nauyin abin da ya biyo baya ba. Namiji a wurinmu da safe yake fita, gida na mata ne har yamma. Isyaku ya dawo tsakar gida ya zauna, ya ɗaura rama a babban yatsan ƙafa yana tuƙa. Matan maƙwabta da suke shigowa ba mayafi suka daina shigowa. Masu kawo wa Tani kitso da hira suka koma wani gida. Ita ma ta gaji. Na ji ta tana cewa, "Malam, ko ƙofar gida ka fita ka sha iska, ka bar ni in yi tankaɗe." Ya ce iskar nan ma ta ishe shi.

Yana fita masallaci, amma sai an tayar da salla, ya bi jikin bango, ya dawo kafin a gama addu'a. Hannuwansa a manne da cinya. Ya daina sa babbar riga, saboda ba a sa ta sai ana ɗaga hannu ana naɗe ta a kafaɗa. Ranar ɗaurin auren jikarsa da 'yar shara ya je, ya tsaya a baya. Ko miƙa ba ya yi a waje. Na ga hamma ta kama shi a lungu, hannuwan suka soma tashi da kansu, ya mayar da su da sauri kamar wanda aka kama da sata.

Zaharaddeen bai ji daɗi ba, wannan gaskiya ne. Ya rame. Wasu masu talla sun nemi ya ba su Baba Shanya su sa a tallarsu, a ba kawunsa rabonsa. Ya kawo maganar gida a tsorace. Isyaku ya ce, "Sun gama kallo kyauta, yanzu ni zan kai musu da kaina?" Ba a sake tayar da ita ba. Yaron ya buɗe kwamfuta a gabansa, ya nuna masa dattijon a tsaye a cikin wani fili mai launin toka, ba ƙasa ba sama, ya danna ya goge shi. Isyaku ya ce Allah ya yi albarka. Suna gaisawa, suna cin abinci a gida ɗaya. Amma tun daga ranar Isyaku bai sake kiransa da sunan wasan da yake kiransa da shi yana yaro ba.

Tsofaffin abokan ciniki kaɗan sun gano gidan. Mamman ne ya fara, shi ya nuna wa sauran. Tani ta kafa doka: akwai faifai a bakin ƙofa, duk mai waya ya ajiye ta a kai, ko mai tocila ce. Sannan a shiga soro a turo ƙyaure. Baƙo namiji ba ya wuce soro, don haka a nan ake awon.

Soron gidansu irin na da ne, ƙarami, ginin ƙasa. Faɗinsa bai kai gabar Isyaku ba. Tsawonsa ma bai kai ba. Sai ya tsaya a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan hannuwan suke buɗuwa, yatsun suna gogar bango. Har wurin ya yi santsi, ya yi duhu, a kusurwa biyun.

Kwanan baya na shiga kai wa Tani garin kuka, na tarar Mamman ya zo. Suka ce in wuce, ni ba baƙuwa ba ce. Mamman yana zaune a kan buhu yana yi masa magana.

"Malam, ka koma rumfarka. Na zaga kasuwa yau, ba wanda na ji yana zancen. An ce yanzu wata mata suke yi wa, mai rawa da tukunya a ka."

Isyaku ya juyo wurina.

"'Yardada, ke ce mai babbar waya. Har yanzu ina ciki?"

Da zan iya cewa a'a. Amma jiya-jiyan nan wata ƙawata da take Kaduna ta jefo mini shi, don na ce ba zan je wani biki ba. Ba ta san shi ba, ba ta san ma mutum ne ba. An daina ihun sunan a titi, wannan gaskiya ne. Sitikar kuwa ta zauna a waya kamar yadda cokali yake zaune a kwando, in an buƙata a ɗauka.

Na ce, "Kana ciki."

"A tsaye?"

"A tsaye."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Mamman, tura ƙyauren nan da kyau, akwai kafa."

Mamman ya tashi ya tura, ya sa ƙafa ya danne. Soron ya yi duhu, sai ɗan hasken da yake shigowa ta tsakar gida. Isyaku ya ɗauki bakin igiya, ya matsa ya daidaita kansa tsakanin kusurwa da kusurwa. Ya dubi ƙofa tukuna. Sannan ya ware, yatsunsa suka taɓa bango.